Mai Kallo a Ƙofar Auta

Shekara ashirin da huɗu Mai Faifai ya yi yana ba da hayar fina-finai a wani ɗan shago da ke tsakanin mai aski da mai sayar da fenti, kuma har yau da ba mai zuwa haya, sunan bai sake shi ba. Yanzu caja yake sayarwa, da abin sawa a kunne, da rigar waya, da gilashin da ake manna mata a fuska. Faya-fayan suna nan a bayan kanta cikin kwali goma sha ɗaya, kowanne ya ɗaure shi da igiya ya rubuta masa lamba, sai ka ce jira yake mutanen unguwa su zo su ba shi haƙuri sannan ya kwance su.

Ba mutuwar kasuwar ce ta fi cin ransa ba. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne an raba shi da sanin mutane. A da, in ka shigo ka miƙa hannu, kafin ka kai ga faifan ya gama karanta ka. Magidancin da ya ɗauki fim ɗin faɗa ranar aiki, an ci masa mutunci ne a ofis. Saurayin da ya zo neman na soyayya yana cewa ƙanwarsa ce ta aiko shi, ba shi da ƙanwa. In an maido faifai yakan ɗaga shi a hasken ƙofa, ya hura masa iska, ya goge da gefen riga, sannan ya kalli wanda ya kawo ya yi murmushi. Mutane sun tsani murmushin nan, shi kuwa ya ɗauka kwarjini yake yi musu.

Akwai kuma kantar ƙasa ta hannun hagu, inda yake jera fina-finan da mace ke haɗa kayanta ta bar gida. Wannan kanta ita ce abin taƙamarsa. Kowace mace tana iya ɗauka sau ɗaya, ba komai ba ne. Amma wadda ta ɗauka ta maido, bayan kwana biyu ta dawo ta ce a sake ba ta shi, sai ya sa mata ido. Sau biyar ya ga haka, in ji shi, kuma duk sau biyar ɗin ba a rufe shekara ba auren ya mutu. Mai aski yakan ce uku ne na gaskiya, biyun ƙari ne, sai dai ba a gabansa yake faɗa ba.

'Yarsa Auta, wadda ke aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ita ta kawo musu sabon yayin har gida. Wata Asabar ta zo da mijinta, mai gyaran firji da kowa ke kira Injiniya, suka maƙala wani ɗan akwati a bayan talabijin, ta sa manhajar kallon fim a wayar uban, ta zauna a hannun kujera tana koya musu. Fina-finai dubbai ta intanet, ba faifai, ba karce, ba wanda zai maido a makare. Da an kunna sai hotuna uku su fito a jere, kowanne da suna a ƙasa: Baba, Mama, Auta.

"Kowa da ƙofarsa," in ji ta. "Kai ka shiga taka, Mama ta shiga tata. Ni ma daga gidana ta tawa zan riƙa shiga. Abin da mutum ya fara kallo yana nan yana jiran sa, ga jan layi a ƙasa yana nuna inda ya tsaya."

"To wa ke zaɓa wa mutum?" ya tambaya.

"Kowa shi ke zaɓar abinsa, Baba."

Ya ja tsaki. A ganinsa ba a taɓa yin sakarci irin wannan ba, a saki mutum cikin fim dubu ba mai kama masa hannu. Don haka a gidansa bai bar abin ya lalace ba. Kullum da yamma in ya dawo sai ya karɓi rimot, ya shiga ƙofar matarsa, ya zaɓo mata na barkwanci, kamar yadda ya saba a da yana tahowa da duk faifan da ya kwana a kanta ba a ɗauka ba. Ita kuma ta zauna a ƙarshen doguwar kujera da ɗinkinta a cinya, tana sa maɓalli ko tana kama bakin labule, in an zo wurin dariya ta yi.

Wata huɗu aka yi a haka. Ran nan da rana yana zaune a shago, ba mai saye ba mai tayawa, ya buɗe manhajar a waya. Daga baya ya ce yatsansa ne ya zame ya taɓa hoton Auta, amma duk wanda ya san shi ya san irin zamewar.

Abu na farko da ya gani hoton wata mata ne zaune a benci a tashar jirgin ƙasa, da 'yar jaka a cinya. Ya karanta ɗan bayanin da ke ƙasa: wata safiya matar ta rufe gidanta, ta ajiye wa mijinta makulli a ƙarƙashin tukunyar fure, ta tafi wani gari da ba ta san kowa ba, ta kama ɗaki a saman shagon wanki. Bai kunna ba. Da ma shi ba mai kallo ba ne, da bango yake sanin fim, kuma ya gane in ya kunna layin zai motsa Auta ta san an shigar mata. Jan layin ya kai kashi ɗaya cikin uku. Ya ce a ransa sau ɗaya ba komai ba ne, ya rufe wayar, amma ranar ko cajar da aka tambaye shi sai da ya miƙa wadda ba ita ba.

Washegari da ya buɗe shago ƙarfe tara layin yana inda yake. Ƙarfe biyu ya kusa ƙarshe. Kwana biyu bayan nan ya duba ya tarar layin ya koma farko, ɗan guntu, an sake somawa. A ƙasa kuma manhajar ta jero wasu irinsa, mata da jakunkuna, mata a bakin taga, mata a kujerar bayan mota suna waiwaye. Kantar ƙasa ce sak, na'ura ta jera wa 'yarsa da hannunta. Auta ce kaɗai 'yarsa mace, shekararta biyu da aure, kuma shi ya ce a ba wa yaron nan ita lokacin da wasu ke cewa a dakata.

Ya leƙa wurin mai aski, ya jira har aka kaɗe wa na kan kujera gashi ya fita, sannan ya nuna masa.

"To sai me?" in ji mai aski. "Ni akwai fim ɗin da na kalla sau shida, ga ni nan da matata."

"Kai namiji ne, kuma naka na 'yan dambe ne. Dubi lokacin. Tsakanin goma da biyu. Yarinyar da ya kamata tana wurin aiki, me take yi a gida tana kallon wannan?"

"Wataƙila hutu take."

"Da hutu take da na sani."

"Mai Faifai, ka kira ta ka tambaye ta mana."

Ya yi masa kallon wanda bai san duniya ba. Wace 'ya ce za ta gaya wa ubanta? Ai wadda ta zo karɓa karo na biyu ma cewa take maƙwabciya ce ba ta gani ba. Ba tambaya ake yi ba, lura ake yi.

Da safe ya ciro wata tsohuwar fanka daga bayan shago, ya kaɗe ta, ya ɗauka sai wurin Injiniya. Shagon cike yake da firji, wasu a tsaye ba ƙofa, wasu a kwance an buɗe musu baya, ga tukunyar gas a kusurwa, ga warin dalma da tsohon ruwa. Surukin ya miƙe da sauri yana goge hannu a tsumma, ya kawar da kwalin kusoshi daga kan kujera.

"Baba, ai da kun kira ni na zo na ɗauka."

"Hanya ce ta biyo da ni."

Ya zauna ya shiga aikinsa. Rigar yaron sabuwa ce, ga ta a wurin maiƙo, wa ake yi wa ado? Wayarsa tana kan benci a kife. Yana yawan dariya, kuma Mai Faifai bai taɓa yarda da mai yawan dariya gaban suruki ba.

"Ƙarfe nawa kake komawa gida yanzu?"

"Ya danganta da aiki, Baba. Lokacin zafi ne, kowa firjinsa ya tuna."

"Ita kuma tana zuwa aikinta?"

"Kullum. Ni nake sauke ta ma."

Amsar ta zo da wuri, ta yi santsi da yawa. Ana cikin haka wayar ta yi ƙara. Injiniya ya juya ta, ya duba, ya katse, ya mayar ya kife.

"Ɗauka mana."

"A'a Baba, ina tare da ku. Mai firji ce, na ce mata sai gobe."

Mai firji ce. Mai Faifai ya adana wannan a inda yake adana irinsu. Yaron ya jona fankar, ta tashi tana juyi lafiya lau, har tana ɗaga takardun da ke kan benci.

"Baba, ai fankar nan ƙalau take."

"Sake dubawa," in ji shi. "Abu yakan yi kama da mai lafiya."

Da yamma ya tarar da matarsa tana ninke wanki a kan gado. Ya tura ƙofa, ya rage murya ko da yake su biyu ne a gidan, ya sa mata wayar a gaban ido. Ya yi mata bayanin hoton, da layin, da lokacin, da kantar ƙasa. Tana riƙe da rigar matashi, ta tsaya cak ba ta ninke ba ba ta ajiye ba.

"Malam, ƙofarta ka shiga?"

"Ni na haife ta."

"Fim ne fa."

"A wurinki fim ne. Ke me kika sani a kan fim? Ni na shekara ashirin da huɗu ina ganin abin nan. Yaron nan yana cutar ta, ita kuma tana rufa masa asiri."

"Ka bar yaran nan su zauna lafiya. Ba abin da ke damun Auta."

"Ta gaya miki ne?"

Ta ninke rigar matashin gida huɗu, ta danne da tafin hannu, ta ɗora a kan sauran. Ya gargaɗe ta kada ta kuskura ta faɗa wa yarinyar, ta ce ta ji.

Washegari layin bai motsa ba. Jibi ma haka. Kwana biyar cur matar hoton tana zaune a bencinta ba wanda ya taɓa ta. Wani zai ce alhamdu lillahi, amma ba Mai Faifai ba. Shi abin da ya gano shi ne an kai rahoto, kuma mutum ɗaya ya gaya wa a gidan nan. Sai ya koma sa wa matarsa ido. In wayarta ta yi ƙara ya kasa kunne daga banɗaki. In ta ce za ta kasuwa ya duba agogo. Har jakarta ya leƙa wata safiya yana neman ko me, bai samu komai ba sai zare da allura da katin asibiti. Ƙofarta ta manhaja kuwa da ma kullum yana dubawa, ba komai a ciki sai barkwancin da ya zaɓa da hannunsa, wannan kaɗai ke ɗan kwantar masa da hankali. Abin ya dame shi ƙwarai, uwa da 'ya sun haɗa kai sun mai da shi bare a gidansa.

Rana ta shida, ƙarfe sha ɗaya da kwata, layin ya motsa. An koma farko, karo na uku ke nan a lissafinsa. Ya ja ƙofar shago rabi, ya ce wa mai aski ya duba masa, ya tari mota. Niyyarsa ya je asibitin ya tarar ba ta nan, ya wuce gidanta ya same ta da idonsa.

Sai ga ta. Ta cikin gilashin ɗakin gwaji ya hango ta da farar riga da safar hannu, tana ɗaure wa wata tsohuwa dantse, ga 'yan kwalaben jini jere a gabanta, ga layin mutane har bakin matakala. Ya jingina da bango ya ciro wayar. Yana kallon 'yarsa tana neman jijiya, ya sabunta shafin, layin ya ƙara gaba. Ya jira minti goma ya sake, ya ƙara gaba.

Da ta hango shi ta fito a firgice.

"Baba! Lafiya? Mama ce?"

"Lafiya lau. Ina wayarki?"

"Tana kulle a akwatin ajiya, ba a shiga da ita. Ka kira ni ne?"

Sai ya ce jiri yake ɗan ji kwana biyu. Kafin ya gyara zancen ta zaunar da shi ta naɗe masa hannun riga, ta ɗebi jininsa kwalba biyu tana yi masa faɗan shan shayi da sukari. Ya fito da auduga a gwiwar hannu da sanyi a zuciya, 'yarsa tana aikinta, fuskarta fes.

Sanyin bai kai shi bakin titi ba. In ba Auta ba ce, to wace ce? Ba a shiga manhajar nan daga wata na'ura sai da lambar sirri, kuma wa ke kwana ɗaki ɗaya da mai lambar? Nan take komai ya hau kan layi: sabuwar riga, waya a kife, mai firjin da aka ce wa sai gobe. Wato akwai wata mace a wani gida, da rana tsaka mijinta ya fita, tana zaune tana kallon yadda ake haɗa jaka, kuma da lambar 'yarsa take kallo. Yaron nan ba Auta kaɗai yake cuta ba, auren wani yake kwancewa ya kawo mata. Mai Faifai ya ji baƙin ciki, amma ƙarya ne a ce bai ji wani ɗan daɗi a ƙasan baƙin cikin ba. Shekara nawa rabon da idonsa ya yi aiki haka.

Ya kira Auta da mijinta ya ce su zo cin abincin rana ranar Asabar. Bai gaya wa matarsa dalili ba, tunda ya riga ya san bakinta ba ya riƙe magana. Ta dube shi ta ce, "Abinci kawai?" Ya ce abinci kawai.

Suka zo da kankana a leda, Injiniya har da fankar, ya wanke ta ya sa mata mai. Aka gaisa. Matar gidan ta koma kicin, ana jin ƙarar murfin tukunya. Mai Faifai ya sa surukin ya zauna a kujerar da ke fuskantar taga don haske ya faɗa masa a fuska, ya ɗauki rimot, ya kunna talabijin, ya shiga ƙofar Auta a gabansu. Matar benci ta cika allon.

"Auta, kin san wannan?"

"A'a. Baba, me ya kai ka nan ciki?"

"Ba ke kike kallo ba?"

"Ni tun watan da na sa muku abin nan ban sake buɗewa ba. Ina na ga lokaci?"

"Na sani," in ji shi, ya juya a hankali. "To kai, wa ka ba wa lambar?"

Injiniya ya yi murmushi, yana zaton wasa ne. Da ya ga fuskar surukinsa sai murmushin ya bushe.

"Wace lamba, Baba?"

"Kada ka raina mini hankali. Sau uku an kalli fim ɗin nan, tsakanin goma da biyu, lokacin 'yata tana tsaye a kan jinin mutane. Na je na gani da idona. Mace ce ke kallo, kuma macen da zamanta ya ƙare a inda take. Matar wa ce? Ita ce mai firjin da ka katse wa waya a gabana?"

"Baba!" Auta ta miƙe tsaye.

"Zauna. Don ke nake yi."

Injiniya bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi sauƙi. Ya ciro wayarsa, ya buɗe ta, ya ajiye a kan tebur kusa da kankanar.

"Ga ta nan, a duba. Ni ko lambar ban sani ba, ban taɓa tambaya ba. Ashe dalilin fankar da kuka kawo ke nan." Ya girgiza kai. "Ni na ɗauka kun zo ganina ne."

Auta ta zaro tata wayar. "Ba sai an duba tasa ba. Abin nan yana rubuta duk na'urar da aka shiga da ita, da ranar, da lokacin. Yanzu za a gani, sai kowa ya huta."

Mai Faifai bai san da wannan ba, amma ya gyara zama, ya harɗe hannu. Ta danna, ta danna, ta fara karantawa da ƙarfi.

"Wayata, wata huɗu da suka wuce. Wayarka, Baba, yau da safe, jiya sau bakwai, shekaranjiya sau tara." Ta ɗago ta dube shi, ta mayar da kai. "Sai kuma..."

Ta sauke wayar.

"Karanta."

"Baba, a bar maganar nan."

"Na ce ki karanta. Yau ba mai rufa wa wani asiri."

"Talabijin ce," in ji ta a hankali. "Wannan. Ta falon nan, tsakanin goma da biyu."

Ya dubi talabijin ɗin kamar yau aka kawo ta. Yana shirin cewa na'ura ma tana kuskure, sai ya lura ƙarar kicin ta daɗe da ɗaukewa. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da tire, faranti huɗu a kai. Ta ƙaraso ta ajiye shi a kan tebur ba tare da cokali ɗaya ya yi ƙara ba, ta goge hannu.

"Ni ce," ta ce. "Ka ba yaron mutane haƙuri."

Injiniya ya ɗauki wayarsa. Ya ce wa Auta yana waje, ya gaida surukarsa da kai, ya fita ya ja ƙofa a hankali. Ba wanda ya tsayar da shi.

"Ke?" Mai Faifai ya dubi matarsa. "Ke ai barkwanci kike so."

"Kai ka ce ina so."

"Kina dariya."

"Ina yi."

"To me ya hana ki shiga ta ƙofarki? Me ya kai ki ta yarinya, har kika sa na..." Ya nuna ƙofar da surukin ya fita, ya kasa ƙarasawa.

"Tawa kullum kana ciki, Malam. Ta Auta na ga ba kowa." Ta zauna a ƙarshen doguwar kujera, wurinta. "Da ka nuna mini ran nan na bari. Kwana biyar ina share gidan da na riga na share. Sai na ce me na sata da zan bari? Ban zaci za ka kai ga yaron nan ba. Wannan laifina ne, da na faɗa tun ranar, ni zan ba shi haƙurin nawa."

Auta tana tsaye tsakaninsu da waya a hannu, tana kallon uwarta irin kallon da ba ta taɓa yi mata ba. Shi kuwa tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, wanda ya fi na ranar da ya fara ganin hoton. Mako biyu yana tausayin wata mace da ke zaune ita kaɗai da rana a gidan wani sakaran miji, har yana ƙiyasta irin mijin. Ya nemi fushi ya riƙe, bai samu ba.

"Tafiya za ki yi?" ya tambaya, muryar ba tasa ba.

Ta dube shi sosai, ba da faɗa ba.

"Shekara talatin da ɗaya, yau ka tambaye ni abu. Shi ma sai da talabijin ta gaya maka."

"To ki amsa mini."

Ta juya wurin 'yarta.

"Auta, kafin ki bi mijinki. Ƙofar nan tawa, ana iya sa mata makulli?"

Auta ta saci kallon ubanta. "Ana iyawa, Mama. Lamba huɗu za ki zaɓa."

"Sa mini."

Rimot ɗin yana hannunsa tun ɗazu, ya jiƙe da gumi. Auta ta miƙo hannu, ya ba ta. Ta fita daga ƙofarta, ta shiga ta uwar, ta danna nan ta danna can, sai ga gurabe huɗu farare a allon suna jira. Ta miƙa wa uwar.

Matar ta karɓa ta riƙe da hannu biyu, ta sunkuya tana neman lambobin don ba ta sa tabaranta ba. Ta ɗora babban yatsa a kan maɓalli, sai ta dakata. Ba ta dube shi ba, jira kawai take yi. Auta ma ta sunkuyar da kai.

Sai da ya ɗan jima kafin ya gane abin da ake jira. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya juya musu baya, ya fuskanci bango. A bayansa ya ji ɗan ƙaran maɓallin, ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan Auta ta ce a sake don tabbatarwa, aka sake.